Dardumar da Ruwaida Ta Kawo

Talata, 2 ga Mayu 2000, bayan la'asar

Ruwaida ta kawo mana tsarabar Makka yau. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ta girma, amma sai na ji bakina ya yi nauyi wajen ce mata Hajiya. Na dai ce. Ta kawo wa mahaifinmu Malam jallabiya da zamzam, ƙaninmu Izzuddeen agogo, ni kuma darduma. Koriya ce mai laushi, an ɗinka mata wani ɗan abu mai gilashi da allura a ciki tana rawa. Ta ce kamfas ne, alƙibla yake nunawa.

Na shimfiɗa ta a inda buzuna yake tun da na dawo gidan nan bayan rasuwar maigidana. Ruwaida ta duƙa, ta gyara tabarau, ta juya dardumar hagu, ta ƙara juyawa, har sai da ta fuskanci kusurwar da kabad ɗin kwanukana yake.

"Adda Zulai, can kike kallo kullum?"

Na ce inda masallacin Malam yake kallo nan duk unguwar nan take kallo. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ban so shi ba.

Alhamis, 4 ga Mayu, hantsi

Ta dawo da wani ƙwallo daga makarantar 'yan matan da take koyar da labarin ƙasa, wai siffar duniya ce. Malam ba ya gani sosai tun da yana ta rufe masa ido, don haka ta kama yatsansa ta ɗora a kan garinmu Dutse, ta ja zare zuwa Makka, ta sa shi ya bi zaren da yatsa. Ya bi, ya sake bi. Na shigo da kunu na tarar yana dariya, irin wadda haƙoransa na ciki suke fitowa.

Ya gaya mata yadda ya kafa masallacin lokacin da ya taso daga Ringim: da sanyin hunturu ya tsaya da asuba, inda rana ta ɓullo nan ya kafa turke. Ta ce ai mafitar rana tafiya take, ta hunturu tana karkata kudu, Makka kuwa daga nan arewa ta ɗan yi da gabas. Ya ce, "Kowane manomi ya san rana tana tafiya. Ni ne ban haɗa biyun ba. Sake faɗa min, 'yar nan."

Sake faɗa min. Tun ina riƙe allo da hannu biyu nake karatu a gabansa, na sauke, na bi littattafai a ƙarƙashin ƙafarsa, ni nake karanta masa yanzu da idon ya tafi. Abin da na saba ji daga bakinsa shi ne "gyara". Ban tuna ranar da ya ce min sake faɗa min ba.

Kunun ya huce bai sha ba. Na mayar na ɗumama. Ba hassada ba ce, gajiya ce.

Lahadi, 7 ga Mayu, bayan azahar

Izzuddeen ya ari dardumata ya kai masallaci bai gaya min abin da zai yi da ita ba. Samari sun kewaye ta kamar an kawo jariri. Da ya dawo da ita duk sawun ƙafa. Na kakkaɓe, na naɗe, na ɗora a saman kabad. Buzuna bai yi min laifin komai ba.

Talata, 9 ga Mayu, yamma

Matan aure da nake karantarwa a tsakar gida sun zo yau baki cike da magana. Luba, matar ɗan Baba Ladan Barau, ita ce ta kasa haƙuri. Tun kafin ta cire takalmi ta ce:

"Malama, wai da gaske Hajiya Ruwaida ta ce duk sallar da aka yi a masallacin Malam ta tashi a banza? To ni da ma ban cika ta da yawa ba, asarata kaɗan ce. Amma surukina fa? Tun ba a haife ni ba yake kiran salla a wurin nan."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Suka zuba min ido.

Ruwaida ba ta faɗi haka ba. Ina wurin duk sau biyun. Na ce musu, "Kowa ta buɗe inda ta tsaya." Suka buɗe.

Ban ce ta faɗa ba. Allah shaida ne ban ce ba. Ban ce komai ba.

Laraba, 10 ga Mayu, bayan asuba

Na sake alwala har sau uku, kowace sai na ji kamar na bar lam'a a diddige, ruwa bai taɓa wurin ba.

Juma'a, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Baba Ladan ya zo zaure, muryarsa har madafi. Ya ce wa Malam shi ba zai juya goshinsa don allurar kanti ba, allurar da ko alwala ba ta taɓa yi ba. Izzuddeen da bakinsa ba ya zama ya ce, "Baba Ladan, lasifikar da kake kiran salla da ita fa, ita ta yi alwala?" Wani ya yi dariya a waje. Baba Ladan ya ce ranar sunan Izzuddeen shi ya riƙe ƙafar ragon, yau ga abin da ragon ya haifar.

Daga nan muryarsa ta sauka. Sai da na matso jikin labule na ji. Ya ce, "Malam, ni ba sallata ce ta dame ni ba. Uwar 'ya'yana da hannuna na sa ta a ƙasa, na juya fuskarta inda ka koya mana. Yanzu 'yarka ta ce ina take kallo?"

Malam bai amsa ba. Innarmu ma a maƙabartar nan take kwance, layi ɗaya da ita.

Na san amsar nan. Malam da kansa ya karantar da ni ita: wanda yake nesa da Ɗakin Ka'aba, ya yi iya ƙoƙarinsa ya fuskanci inda ya gano, sallarsa ta yi. Kuma lokacin da aka sauya alƙibla a Madina, mutane suna cikin salla labari ya iske su, suka juya a tsaye, ba wanda aka ce ya rama ta baya. Ban san me ya hana Malam faɗa ba. Watakila nauyin abin ne, tunda shi ya kafa turken. Ni kuma ba wanda ya tambaye ni. Ruwaida ake tambaya yanzu.

Litinin, 15 ga Mayu, magariba

Masallacin ya zama sahu biyu. Samari suna bari a idar, sannan su tada tasu a karkace.

Alhamis, 18 ga Mayu, hantsi

Ina ta tunanin allurar nan ina tsince shinkafa. Ƙarfe ne. Wanda ya halicci Ka'aba shi ya halicci ƙarfe, shi ya sa masa wannan ɗabi'a ta neman arewa, ba Bature ne ya sa masa ba, tarar da ita ya yi. To in halitta ta nuna hanyar Ɗakin Mahaliccinta, mene ne abin faɗa a ciki? Da a littafi na tsinci wannan magana da na karantar da ita da murna.

Amma ba a littafi na tsinta ba. Ruwaida ce ta shigo da ita, da jakarta mai zif, da hannunta da bai san kaushin tuƙin tuwo ba. Shekarar da aka matsa wa Malam ya ba da 'ya ɗaya boko, ita ce ƙarama, ita aka bayar, har Inna tana kuka wai an yi asararta. Ni aka ajiye, wai ni ce ta gida, ta karatu. Ga shi ita ta ga Ka'aba da idonta, ni kuma da na haddace babin alƙibla ina kallon wani wuri.

Astagfirullah. Na tsinci tsakuwa na zuba cikin shinkafar, na watsar da shinkafar hannuna ga kaji.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan azahar

Abin da ya faru a masallaci da asuba ba zan rubuta shi ba.

Na jiƙa rigar Izzuddeen da ruwan sanyi da gishiri, jinin ya fita sai ɗan kaɗan a wuya. An kai ɗan Baba Ladan asibiti an ɗinke masa gira. Luba ba ta zo karatu ba, wasu huɗu ma ba su zo ba. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce, a wannan lokaci da ake shirin ƙaddamar da shari'a kowa ido a buɗe, in aka sake ko da ɗaga murya ne zai sa kwaɗo a ƙofar masallacin, kowa ya nemi wani.

Malam ko Juma'a bai je ba, azahar ya yi a ɗaki. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba sai ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Ya tsaya a kan buzunsa ya daɗe bai yi kabbara ba. Ina jin bai san inda zai kalla ba ne.

Asabar, 20 ga Mayu, la'asar

An jefi ƙofar gidan Ruwaida. Yara suna bin ta a hanya suna cewa mai juya masallaci. Da aka gaya min, wani abu ya yi sanyi a ƙirjina kafin na ce innalillahi. Kafin, ba bayan ba.

Zan ɗauki azumi ranar Litinin.

Talata, 23 ga Mayu, yamma

Rediyo tun safe labarin Kaduna, wai an sake rikici. Malam ya ce a kashe. Ya ce can mutane ba su haɗa alƙibla ba suke kashe juna, mu nan mun haɗa, mun fara da gira.

Ruwaida ta zo, ta rame, ba ta ko sa janbaki ba. Ta durƙusa gabansa ta ce ta yi nadamar kawo dardumar. Ya ce kada ta sake faɗar haka. Sai ta ce akwai hanyar da ba ruwanta da allura. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, kuma ɗaya ya kusa, Asabar mai zuwa ne da hantsi, Lahadi ma ana iya kamawa. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ɗaki. A rataya igiya da dutse a ƙasanta, inuwarta za ta kwanta a kan layin alƙibla. Ba kanti, ba Bature, rana ce da igiya.

Malam ya ce, "Da rana na kafa shi. In rana ce za ta gyara ni, na yarda."

Ta ce, "Amma Malam wa zai duba? In ni ce ko Izzuddeen, Baba Ladan ba zai karɓa ba. In su ne, samari ba za su karɓa ba."

Ina bakin ƙofa da buta a hannu. Ya ce, "Zulai za ta duba."

Ban san ya san ina wurin ba.

Laraba, 24 ga Mayu, bayan isha'i

An sanar a masallaci. Katangar tsakar gidanmu ita ce bangon masallacin, don haka a nan za a rataya igiyar, a gwada da buzun Malam da yake kwance daidai da sahu. Samari sun yarda, sun ce rana ba ta da dangi. Baba Ladan ya yarda, ya aiko min da goro ta hannun Luba. Ta ce, "Ya ce Malama ce kaɗai ba ya tsoron ta yi ƙarya, matar da take sake alwala don ƙuda ya sauka mata. Kuma ya ce ya san inda zuciyarki take."

Ya san inda zuciyata take. Na ajiye goron ban ci ba.

Juma'a, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Na roƙi ruwan sama yau a sujada. Manoma sun yi shuka tana ƙonewa, kowa roƙo yake yi. Don su na roƙa.

Asabar, 27 ga Mayu, azahar

Hadari ya haɗo tun safe daga bayan duwatsu. Hantsi ya zo ya wuce ba rana, ba kuma ruwa, ko ɗigo. Igiyar tana rataye a jikin igiyar shanya, da ɗan dutsen niƙa a ƙasanta, ba ta da inuwa. Ruwaida ta zauna bakin rijiya tana kallon sama. Ta ce in gobe ma haka ne sai tsakiyar Yuli. Izzuddeen ya ce masallacin ba zai kai Yuli a buɗe ba.

Manoma ba su samu komai ba. Ni kaɗai aka ba abin da na roƙa. Na tsorata.

Lahadi, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Zan rubuta a hankali.

Gari ya waye da gajimare tsilli-tsilli, rana tana fita tana ɓuya. Maza suka cika zaure har waje, Baba Ladan a gaba jikin labule. Malam ya zauna a kujera a tsakar gida. Ya sa Ruwaida ta tsaya can ƙofar madafi da agogo, ta faɗi lokaci kawai, kada ta matso. Ni na durƙusa gaban igiyar da gawayi.

Ta ce, "Yanzu, Adda."

A daidai nan wani siririn gajimare ya ratsa. Inuwar ta dushe, amma ba ta ɓace ba. Ina ganinta. Ta kwanta a ƙasa ta yanka gefen buzun Malam a karkace, kuma da na ɗaga kai na bi ta zuwa wajen rana, sai na ga hagu ta nufa, can inda dardumar ta nufa a ɗakina.

Malam ya ce, "Zulai, me kika gani?"

Ba sai na yi ƙarya babba ba. In ce ban tabbata ba, shi ke nan. Ni da kullum ban tabbata na wanke gwiwar hannu ba, wa zai yi mamaki? Kowa ya ga gajimaren. Maganar Ruwaida kuwa ba mai karɓa. Na dubi inda take. Ba ni take kallo ba, Malam take kallo, ta cije leɓe kamar lokacin da take ƙarama in za a yi mata kitso. Sai na dubi Malam, na tuna shi ranar nan a tsaye a kan buzu, hannu a sake, ya kasa kabbara.

Na ja layin da gawayi tun daga ƙarƙashin dutsen har ƙarshen inuwar. Gajimaren ya wuce, inuwar ta fito baƙa a kan layina.

Na ce, "Malam, na gani. Yadda Ruwaida ta faɗa, haka ne."

Ya ce, "Ɗaga murya, zaure bai ji ba."

Na maimaita. Ban taɓa jin muryata ta kai zaure ba sai yau. Wani saurayi ya fara kabbara, Malam ya buga sanda a ƙasa, saurayin ya bari.

Sai na ji Baba Ladan ta bayan labule, a hankali: "To Malama, Zulaihatu, uwar 'ya'yana fa? Da sallolinmu?"

Ni ya tambaya. Na matsa jikin labulen na gaya masa abin da na sani, na mutanen Madina da suka juya a tsaye ba su rama ba, da na wanda ya yi iya ƙoƙarinsa. Na ce sallarsa tana nan, kiran sallarsa yana nan, Goggo matarsa kuma an kwantar da ita da niyyar Ɗakin Allah, kuma ba a tone kabari don wannan. Malam ya ce daga kujerarsa, "Haka ne. Ni ya kamata na faɗa, kunya ta riƙe ni." Sai na ƙara da cewa Ruwaida ba ta taɓa cewa sallar kowa ta ɓaci ba, ina wurin.

Baba Ladan ya ce, "To 'yata, me ya hana ki faɗa tun kafin a fasa wa yarona gira?"

Na saki labulen na koma ɗakina.

Talata, 30 ga Mayu, hantsi

Ba a rushe komai ba. An buga ƙusoshi an ja zare a kan daɓen masallaci, sahu ya karkata, na farko ya gajarce, mutum shida kawai yake ci. Baba Ladan da Izzuddeen suna ciki, wai don kada ɗayansu ya bar wa ɗaya. Mai unguwa ya tafi da kwaɗonsa.

Bayan asuba Malam ya yi addu'a a lasifika, ina ji daga ɗaki. Ya sa wa Ruwaida albarka da sunanta, da ilimin da Allah ya ba ta. Na tsaya da carbi ina jira. Ya shafa. Da ya shigo ya ce, "Zulai, kunun fa?"

Na je gidan su Luba na duba mijinta. An cire zaren ɗinkin, amma tabon zai zauna.

Juma'a, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Layin gawayin ya wanke.

Ruwaida ta zo ta same ni a ɗaki. Na ce mata an sa mata albarka a lasifika, duk unguwa ta ji. Na so in faɗa da daɗi, ban sani ba ko ya fita haka. Ta zauna bakin gado ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi.

"Adda, wata guda ina kawo masa ƙwallo da zare da lissafi. Yana dariya, yana jin daɗi, kamar na kawo masa tatsuniya. Amma bai motsa buzunsa ko taƙi ɗaya ba sai da ke kika ce kin gani. Ni in na yi magana baƙuwa ce mai labari."

Na ce ni kuma mai kunu ce. Ta ce ita ko kunun ba ya karɓa daga hannunta, wai ba ta iya tsamiya ba. Na ce gaskiyarsa ne, ba ta iya ba. Ta yi dariya har da hawaye. Ba ta tambaye ni abin da Baba Ladan ya tambaye ni ba. Na ga ta san amsar.

Ba zan ce abin ya fita daga ƙirjina ba. Da ta miƙa hannu ɗaukar mayafi na ga ɗan zoben Makka, na ji shi ya motsa. Ya dai rage nauyi.

Ta ce, "Har yanzu kabad ɗin nan yana kan hanya." Muka kwashe kwanukan muka jera a gado, ta kama gefe na kama gefe, muka ja shi da ƙyar, tana haki tana cewa me na ɓoye a ciki, duwatsun Dutse? Ta miƙa hannu za ta sauko da dardumar. Na ce ta bari, buzun ma ya iya juyawa.

Na yi la'asar a sabon wurin. A tsohon, daɓen ya lotsa daidai goshina, ban taɓa lura ba sai yau da na gan shi a gefen dama, ba kowa a kansa. Nan kuwa ƙasar a miƙe take, da sanyi, da tauri. Na daɗe a sujadar.